Kwana Biyu Kafin Jarrabawar Lantarki

Masu karatu, ku gyara zama, amma kada ku shirya tausaya min. Yau ni ce mai laifi. Wanda zai yi min faɗa ya bari ya kai ƙarshe tukuna, don abin da na yi ya fi abin da kuke zato.

Ranar Litinin abin ya faru, jarrabawata kuwa Laraba ce ƙarfe tara na safe. Kwas ɗin tushen ilimin lantarki ne, wanda 'yan ajin farko suke yi. Ni kuma ina aji biyu. Kun dai fahimta, bara na yi shi na faɗi. A sashenmu duk wanda ya faɗi wannan kwas sau biyu sai dai ya tattara ya nemi wani fannin. Malamin da ke koyar da shi kuwa ba a banza ɗalibai suka sa masa suna Babu-Ragi ba. Maki ɗaya tak ya rage min in haye, amma da na je ofishinsa ko ɗaga kai bai yi ya kalle ni ba.

A gidanmu babu wanda ya sani. Umma ba ta sani ba, balle Abba. Abbana mai gyaran kayan wuta ne, shagonsa na jikin gidanmu, shekara talatin yana kwance fanka da rediyo da dutsen guga. Bai yi boko mai nisa ba. Tun ranar da na samu gurbin karatun injiniya ya daina kiran sunana, sai dai Injiniya. Duk wanda ya kawo gyara, kafin ya karɓi kayansa sai ya sha labarina. To ku faɗa min, da wane bakin zan ce masa Injiniyarsa ta faɗi kwas ɗin da ake fara koya wa sababbin shiga?

Tun bayan sallar asuba nake fama. Na baza takardu a kan gado, na manna wasu a jikin madubi, wasu a ƙofar sif. Ko wanka ban yi ba, ina nan da tsohuwar doguwar rigata ruwan toka mai yagaggen aljihu, ɗankwali ya zame ya koma wuya, biro a bayan kunne. Shayin da Umma ta ajiye min ya huce, burodin ya bushe a faranti.

Dokar Ohm kam na haddace ta kamar sunana: boltej, wato ƙarfin da ke tura wuta, daidai yake da gudun wutar sau turjiyar da ta tarar a hanya. Idan rizistoci, wato 'yan abubuwan da ke kawo turjiyar, suna jere ɗaya bayan ɗaya, a tara su. Idan biyu ne gefe da gefe, a ninka su a raba da jimillarsu. Shida da uku gefe da gefe, biyu. Wannan ko daga barci aka tashe ni zan faɗa. Amma da zarar an zana min su a cakuɗe, wannan waya ta bi nan, waccan ta ɓulle can, ga batir biyu suna kallon juna, sai kaina ya ɗauki zafi. In zauna, in tashi, in leƙa taga, in dawo. Tambaya ɗaya na lissafa sau uku na samu amsa uku, kuma babu wadda ta yi daidai da ta bayan littafi.

Ina cikin haka Goggo ta ɗaga labule. Yayar Abba ce, ta zo ganin likita na kwana uku, yau watanta guda. Ta ture takarduna gefe ta zauna a bakin gado, ta gyara ƙaton mayafinta, ƙamshin man zafi ya cika ɗakin.

"Ke 'yar nan, har yanzu zanen tsutsotsin ne?"

"Goggo, jibi ne fa jarrabawar."

"Jibin ma zai zo ya wuce. Mahaifiyar yaron nan ta sake kirana jiya. Mutane sun ce suna so su zo a san juna, kin shanya su wata biyu. In ba kya son sa ki faɗa, a sallami ɗan mutane."

"Ni ban ce ba na so ba. A dai bari in gama."

"Kun ji ta!" Ta ɗaga murya don Umma ta jiyo daga kicin. "Tana so, amma a bari!"

Umma ta amso daga can, "Yaya, ki ƙyale ta ta yi karatunta mana."

"Ai ke kika ɓata ta." Ta dafa gwiwa ta miƙe. "Juma'a zan koma gidana, kuma ba zan tafi ba sai na kai wa matar nan amsa. Ki sani."

Yaron nan da take nufi shi ne Mai Gilashi. Goggon ce ma ta sa masa sunan ranar da ya fara zuwa gaishe da Abba, sunan ya bi shi, ni ma haka na ajiye shi a wayata. Ma'aikaci ne a ɗakin gwaje-gwajen sashenmu, shi ke fito mana da kayan aiki ya tsaya a kanmu kada mu hallaka kanmu. Haɗuwarmu ta farko mita na ƙona masa. Gudun wuta na so in auna, na ɗora bakunanta kai tsaye a kan batir, sai ji na yi ɗas, ga ƙauri. Ya zo ya tsaya, ya cire gilashinsa ya goge ya mayar, ya ce, "Malama, mitar nan ta girme ki, ki nemi gafararta." Daga nan ne fa komai ya fara.

Shi kaɗai ya san na faɗi bara. Kuma dalilin da ya sa nake jan ƙafa a maganar iyayensa ke nan. Ba na so su zo neman injiniya su tarar da korarriya.

Sannan akwai wata magana da ta suɓuce masa a makon jiya. Ya ce ranar Litinin shi zai taya shugaban sashe buga takardun tambayoyi, don injin bugawar ba ya jin maganar kowa sai tasa. Yana faɗa ya kama bakinsa, ni ma na yi kamar ban ji ba. Amma na ji. Tun ranar maganar take min yawo a kai, in kore ta ta dawo.

Wajen ƙarfe sha ɗaya saƙonsa ya shigo.

"Ina kwana, mai ƙona mita. Ya karatu?"

"Babu abin da ke shiga."

"Turo min wadda ta gagare ki, in na samu sarari mu warware ta tare."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A karo na huɗu na tura.

"Kana ofishin ne?"

"Eh."

"Kun fara bugawa?"

Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. 

"Don Allah kada ki tambaye ni wannan."

"Ni ba takardar na ce ka turo ba. Ka dai ce min karanta nan, bar can. Shi ke nan."

"Duk ɗaya ne. Amana aka ba ni. In na yi haka, da wane ido zan zauna a gaban Abbanki?"

Masu karatu, da a nan na tsaya da babu labari. Amma tsoro ya riga ya rufe min ido. Yatsuna suka riga hankalina.

"To ka ci gaba da riƙon amanarka. In aka kore ni sai ka gaya wa mahaifiyarka ta nemo maka wata injiniyar. Dama na san son naka na fatar baki ne."

Saƙon ya shiga. Ya karanta. 

Na san abin da kuke faɗa a ranku. Ku faɗa, na cancanta. Na wurga wayar kan filo, na ɗauko, na kife ta, na sake ɗaukowa. Minti goma, shiru. Rabin awa, shiru. Na buɗe littafi, rubutun ya koma min kamar tururuwa. Na tashi na share ɗakin da na riga na share, na ninke kayan da suke a ninke. Daga ƙarshe na shiga wanka, na sa riga da siket shuɗi mai ƙananan furanni, na yi azahar. A sujada ma lissafi nake, Allah ya yafe min.

Ina naɗe sallaya Umma ta leƙo. "Abbanki na kira a shago."

Na zura hijabi, na jefa wayar a aljihu, na fita ta ƙofar da ta haɗa gidan da shagon. Shagon Abba ɗan ƙarami ne, amma babu abin da babu. Fankoki rataye a bango, rediyoyi marasa murfi a kan kanta, sukurori kala-kala a cikin gwangwanayen madara, ƙaurin dalma ya kama ko'ina. Abba na zaune a kan kujerarsa mai ƙafa uku, ga telan da ke maƙwabtaka da mu a tsaye yana jiran dutsen gugarsa. Idon Abba ya fara rauni, ƙananan lambobi ba ya ganinsu sosai.

"Yauwa Injiniya, zo ki ara min idonki. Me mitar nan ta ce?"

Na gaida tela, na sunkuya. "Turjiyarsa arba'in da takwas ce, Abba."

"To wutar gidan nan ɗari biyu da arba'in ce. Nawa dutsen zai ja?"

"Biyar."

Abba ya buga cinya ya juya wajen tela, bakinsa har kunne. "Ka ji ko? Ko biro ba ta ɗauka ba! Ni sai da na shekara goma kafin hannuna ya san wannan."

"Ai kai kam ka huta," in ji tela. "Nan da 'yan shekaru ita za ta gyara mana wutar unguwa. Allah ya yi albarka."

"Amin, amin."

Ya ɗaure dutsen, tela ya karɓa ya fita. Ni kuwa ina tsaye kamar an dasa ni. Wannan murmushin na Abba shi ya ƙarasa ni. Ban shirya ba, ban tsara abin da zan ce ba, sai ganina na yi durƙushe a gefen teburinsa.

"Abba, jarrabawar jibi ba ta ajinmu ba ce. Ta bara ce. Faɗuwa na yi. In na sake faɗuwa kora ta za su yi."

Sukundireban da ke hannunsa ya ajiye a hankali, ya daidaita shi da gefen tebur kamar wannan ne aikin da ya fi muhimmanci a duniya. 

"Bara," ya ce.

"Eh, Abba."

"Shekara guda kina shiga kina fita ta ƙofar nan, ina ce miki Injiniya kina amsawa."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan siket ɗina.

"Ummanki ta sani?"

"A'a."

"Wa ya sani?"

Na shiga murza bakin hijabina.

"Tambayarki nake yi."

"Shi. Wanda yake zuwa."

A nan muryarsa ta karye. "Bare ya sani, ni ban sani ba." Ya kawar da kai ya kalli titi. "Kin ɗauka faɗuwa ce ba zan iya ɗauka ba? Ni da na ƙona rediyon mutane ba adadi kafin in iya aikin nan? Har mari na sha a hannun maigidana. Ba faɗuwar ce ta yi min ciwo ba."

"Ka yafe min, Abba."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Hannu ya sa ya goge fuskarsa, ya ce, "Tashi ki ɗauko littafin."

Da gudu na shiga na ɗauko, Goggo na tambayata lafiya ban tsaya ba. Da na dawo na tarar ya jawo wata fanka ta tsaye ya jona ta. Sai gurnani take, ta ƙi juyawa. Ya sa yatsa ya ɗan tura fiffikenta, sai ta kama gudu.

"Me ya same ta?"

Na ja hanci. "Kafasito ne ya mutu?"

"Tambayata kike ko faɗa min kike?"

"Kafasito ne."

Ya zare ta daga wuta, ya buɗe bayanta, ya sa sukundireba ya haɗa bakunan kafasiton, wani ɗan baƙin abu, don ragowar wutar ciki ta fita, sannan ya cire shi ya ɗora min a tafin hannu. "A littafinku me suka ce game da shi?"

"Sun ce a cikinsa gudun wuta ke riga boltej gaba. Na haddace, amma ban san amfaninsa ba."

"To ni ban san wannan bayanin ba. Abin da na sani, naɗin waya biyu ne a cikin fankar nan. In wuta ta iso musu lokaci ɗaya, babu mai ja gaba, sai ta tsaya tana gurnani. Wannan ɗan abin shi ke sa ɗaya ya riga ɗaya, sai ta samu inda za ta juya."

Wallahi sai na ji kamar an buɗe taga a cikin kaina. Shekara biyu ina zana layukan boltej da na gudun wuta masu lanƙwasa, ɗaya na gaba ɗaya na baya, ban taɓa sanin bayanin fankar da ke saman kaina suke yi ba.

Daga nan ya ce in nuna masa tambayar da ta gagare ni. Ba ya karanta turancin, amma zanen yana kallo ya gane. Ya ɗauko batir da ƙananan ƙwayayen fitila uku, ya murɗe wayoyi ya haɗa min abin da ke takardar a kan tebur. "Auna wutar da ke shiga mahaɗar nan. Yanzu auna wadda ke fita ta nan, da ta can. Tara su." Na tara. Daidai da wadda ta shiga. "To ina za ta je dama? Wuta ba ta kwana a mahaɗa." Dokar Kirchhoff ke nan, wadda ta hana ni sukuni, Abbana ya faɗe ta da kalma shida bai ma san sunanta ba.

Awa biyu muka yi. Mutum biyu suka kawo gyara ya ce su dawo gobe. Na sake lissafa tambayar, na juya bayan littafi, amsar ta yi daidai. Na yi ta biyu, ta yi daidai. Na ɗago da murna na kalle shi, ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Ci gaba." Duk tsawon zaman nan sau ɗaya bai ce min Injiniya ba. Daga "ke" sai "ke". Wannan ya fi min mari ciwo.

Ina tsakiyar ta uku wayar ta girgiza a aljihuna. Abba ya sunkuya yana ɗaura sabon kafasito a fankar, na zaro ta a ƙarƙashin hijabi.

Mai Gilashi ne. Hoto ya turo, hoton bai buɗe ba tukuna, dishi-dishi yake da 'yar kibiya a tsakiya. Duk da haka ina iya hango farar takarda da inuwar zane a jikinta. A ƙasa ya rubuta:

"Ga shi. Tun safe na kasa komai. Ba son fatar baki nake miki ba."

Kafin in ja numfashi wani saƙon ya shigo.

"Amma ba zan iya komawa ofishin nan ba."

 Mutumin da ko biro na makaranta ba ya kaiwa gida, ni na kai shi ga wannan. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, yatsana ya tsaya a kan kibiyar nan. Taɓawa ɗaya, Laraba ta zama tawa. Babu kora, babu Babu-Ragi, Goggo ta kai amsarta, Abba ya dawo kirana Injiniya. Wa zai sani? Na kalli wayoyin da Abba ya murɗe min a kan tebur, ƙwayayen nan uku suna ci. Na kalli ƙeyarsa, furfura ta cika ta, yana laluben ramin sukuru da yatsa saboda ido ba ya gani.

Na danne hoton na goge shi ban buɗe ba.

"Wallahi ban buɗe ba. Na goge. Kai ma ka goge naka yanzu. Ka yafe min, ni ce na jawo."

Saƙon ya ƙi shiga. Na kira, wayarsa a kashe. Na sake kira, a kashe. Na uku ma haka. Na miƙe tsaye na koma na zauna.

Abba ya jona fankar, ta tashi da kanta, iska ta ɗaga min takardu. Ya juyo ya ƙare min kallo.

"Ke, lafiya?"

Ban kai ga buɗe baki ba babur ya tsaya a ƙofar shago. Mai Gilashi ne, da farar rigar aikinsa ko cirewa bai yi ba, a lokacin da ya kamata yana ofis. Idanunsa sun yi ja a bayan gilashin. Ko inda nake bai kalla ba. Ya yi sallama, ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa a gaban Abba a cikin guntayen waya.

"Abba, wurinka na zo. Akwai abin da na aikata yau, kuma ban ga wanda zan fara faɗa wa ba sai kai."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa, kan Goggo ya leƙo. Na yunƙura zan zame in shige ciki. Abba ya kalli Mai Gilashi, ya kalli wayar da ke hannuna, ya miƙa hannu ya zare fankar daga soket. Shagon ya yi tsit.

"Ke," ya ce, "koma ki zauna. Da ke za a yi."